Tsakanin Bututun Hayaƙi da Hasumiyar Fitila

Sa'ad da na yi wayo a Katsina, ba wanda ke ba ka kwatance da sunan titi. In baƙo ya shigo ta Ƙofar Durɓi yana neman gidanmu, ce masa ake yi ya miƙe har ya iske kukar da ta rabu biyu, ya bar kududdufi a hannun hagu, ya shiga lungun da ke fuskantar durumi. Ba ya ɓata. Kukar ta girmi kakana, durumin ma haka, kuma ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa za a wayi gari babu su. Yau kukar ta tafi, an cike kududdufin an jera shaguna a kansa. Kwatance ya koma gidan mai da shagon cajin waya, waɗanda kafin ka saba da su sun canja fenti ko sun canja mai su. Ƙofofin garin an tsayar da na siminti inda na ƙasa suke, sunayen ne kawai suka tsira.

Wannan ɗabi'a ta riƙe wuri da abin da ke tsaye kusa da shi, da ita muka tafi bakin teku, mu mutanen tudu. Can ta ci amanarmu.

Ina saurayi kawuna ya aiko a tura masa ni. Yana fataucin fata da goro a wani gari mai tashar jiragen ruwa, a ƙasar da ake Faransanci. Garin yana da sunansa a taswira, amma mu 'yan zango Gaɓa muke ce masa, kuma haka zan kira shi a nan. Na je da Larabcin zaure da Ingilishin makaranta. Faransanci a ofis na tsince shi, yaren masunta kuma a bakin ruwa wajen cinikin kifi. Da waɗannan na sami aikin tafinta tsakanin ma'aikatan jirgi da 'yan dako, na yi ta yi har furfura ta fara leƙowa. Daga baya aiki ya kai ni Jidda da Bur Sudan da wasu tashoshin, amma duk garin ruwan da na sauka da Gaɓa nake auna shi, kamar yadda nake auna kowane garin tudu da Katsina.

Gaɓa ba kyakkyawan gari ba ne, sai dai ban yarda wanda bai zauna cikinsa ba ya faɗi haka a gabana. Hanci ke fara sanin an iso: ƙarnin kifi, ƙaurin man kwakwa, da warin tafkin gishiri da ke bayan gari in ruwa ya janye. Layin dogo ya ratsa ta tsakiyar kasuwa, in jirgin kaya ya taho mata su janye farantansu, yana wucewa su mayar, hira ko yankewa ba ta yi. A bakin tasha manyan ƙugiyoyin ɗaga kaya suna tsaye a jere, wuyansu a miƙe kamar raƙuma sun hango rijiya. Can kan wani tsibin duwatsu akwai tsohon ginin Turawa mai kaurin bango, da igogi masu tsatsa suna kallon ruwa. Masunta sun ce a ɗakunan ƙasa na ginin nan aka tsare kakanninsu kafin a loda su a jirgi, kuma har lokacinmu tsofaffinsu ba sa shanya taru a inuwarsa. Na taɓa shiga. Ban ƙara komawa ba.

Abubuwa biyu ne suka fi komai tsawo a garin. Ɗaya hasumiyar fitila ce, fara mai jan kai, a ƙarshen bakin ruwa, wadda ke nuna wa jirage hanya. Ranar da na fara ganinta na ce wa kawuna ai ga Gobarau ɗinsu nan, ya yi dariya ya ce tasu ba a taɓa kiran salla a kanta ba. Ɗayan kuma bututun hayaƙin kamfanin matsar man kwakwa ne, na jan bulo, mai faɗin gindi. Jiniyar kamfanin ita ce agogon gari. Da ita ake tashi, da ita ake sauke tukunya, har ladanin zango ma, ko da ba zai amsa ba, da ita yake duba azahar in hadari ya rufe rana.

Can na kai matata. 'Yar Ƙofar 'Yandaka ce, mai son dariya, mai tsoron ruwa. Tsawon zamanta a Gaɓa ba ta taɓa yarda teku ta taɓa ƙafarta ba. Ta ce ruwan da ba a sha, ba a wanki da shi, kuma ba ya kwanciya ya huta, ba ta ga abin da zai kai ta wurinsa ba. Amma da bututun nan suna da 'yar tsama ta kullum. Duk ranar da ta shanya fararen kayana sai iska ta juyo da toka ta zuba musu. Ta fito tsakar gida ta ɗaga kai ta ce masa, "Sannu da aiki, dogo. Yau ma ka yi mana ado." Yara su yi ta dariya.

Zazzaɓi ne ya ɗauke ta a wata damina, babbar ɗiyarmu ba ta gama firamare ba. Muka kai ta maƙabartar Musulmi da ke tsakanin zango da kamfanin, wuri mai yashi, ba ƙasa irin tamu ba. Muka yi yadda ake yi a gida: aka tara yashi, aka kafa fasasshen tulu a wajen kai. Damina ɗaya ta baje tudun, tulun ya nutse. Na sa maƙeri ya yi mini ɗan allon ƙarfe na kafa. Ban san iskar teku na cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin kara ba, don a Katsina garmar kakana tana nan har yau. Kafin 'yan shekaru allon ya zama jan gari, na taɓa shi ya zube a hannuna. Masunta da suka ga muna ta kafa ƙarfe a yashi girgiza kai kawai suke yi.

Sai na koma ga abin da na iya. Na tsaya a kan kabarin na duba abin da ke tsaye. Na ga in na fuskanci teku, bututun hayaƙi yana rufe hasumiyar fitila ɗungum, in na gusa dama ko hagu kaɗan sai farin jikinta ya leƙo. A gefen hagu kuma akwai wata bishiyar kwakwa mai lanƙwasa, daidai kafaɗata. Na ce shi ke nan, ga kukata ga durumina. Da wannan nake zuwa ziyara duk Juma'a har na bar garin. Da na yi ritaya na dawo Katsina da yarana, na riƙe kwatancen a kaina, ban taɓa shakkar sa ba.

Shekaru suka shige. Ina zaune a zaure wata safiya limamin zangon Gaɓa ya kira ni a waya. Ɗan abokina ne, na san shi tun yana rarrafe. Bayan doguwar gaisuwa ya ce tasha za ta faɗaɗa, an ba da filin maƙabartar don ajiye kwantenoni. An ware sabon wuri can kan tudu bayan gari. Duk mai mamaci ya zo ya nuna kabarinsa a ɗauke masa, waɗanda ba a nuna ba za a zuba ƙasa a kansu a malala siminti.

Ƙanena yana wurin. Malami ne, yana da ɗalibai, kuma ya fi ni sanin littafi, wannan ban taɓa musu ba. Da na ajiye wayar na faɗa masa, sai ya ce:

"Yaya, ba dai tahiya za ka yi ba?"

"Tahiya zan yi."

"Da wagga gwiwar taka? Masallacin nan na bakin lungu sai ka huta a hanya."

"Gwiwata ce ko taka?"

"Taka ce, amma mu za ta dama. Ƙasa duk ta Allah ce, Yaya. Wadda ta kwanta ba ta san abin da ake a samanta ba. Ka yi mata addu'a daga nan, tana isa."

"Ita ba ta sani ba, Malam. Ni na sani."

Ya ce mutane za su ce tsufa ya taɓa ni, na bar garin iyayena na tafi tonon yashi a ƙasar da ba tamu ba. Na ce wanda ya ce ƙasar ba tamu ba ce ya je ya ƙirga Katsinawan da ke kwance cikinta, sannan ya dawo mu yi magana. Na yi aiki a garin nan, na haifi 'ya'ya, na binne mata. Ba wanda zai zauna a inuwar zaure a Ƙofar Durɓi ya yanke mini inda ya zama nawa.

Babbar ɗiyata tana Kambarawa da iyalinta, ita ma ta yi jikoki. Da yamma ta zo, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Baba, an ce za ka Gaɓa."

"Baffanki ya aiko ki ki hana ni?"

"Ya aiko ni. Na ce masa to. Yaushe za mu?"

Na ce mata ta san mata ba sa shiga maƙabarta. Ta ce ba ta ce za ta shiga ba, amma uwarta ce, kuma wani ya kamata ya riƙe mini jaka ya tuna mini da magani, tunda ni na fi ƙarfin tunawa.

Mun isa Gaɓa da hantsi. Hancina ne ya fara gaya mini an yi sauyi, don ƙarnin kifi yana nan amma ƙaurin man kwakwa babu. Layin dogon cikin kasuwa an binne shi da kwalta. Tsoffin ƙugiyoyi an maye su da wasu shuɗɗa, manya ƙwarai, waɗanda mutum ɗaya ke tuƙawa daga cikin ɗan akwati a sama, inda a zamaninmu 'yan dako ke cika wurin da waƙa da zagi cikin harsuna iri-iri. Ginin Turawa an yi masa farin fenti, ana biya a shiga, matasa na ɗaukar hoto a kan igogin. Hasumiyar fitila tana nan da jan kanta, amma ta zama ƙarama a tsakiyar tulin kwantenoni. Na duba inda bututu yake. Sarari ne fayau.

Liman ya ce ai an daɗe da rushe shi, tun da kamfanin ya rufe. Ya ɗauka na sani. Bishiyar kwakwar kuwa ko tambaya ban yi ba, don tun daga bakin shinge na ga maƙabartar ba ko itace ɗaya. Yashi ne shimfiɗe, da ciyawa mai yaɗo, da 'yan guntayen ƙarfe ja nan da can.

Wanda ke kula da aikin wani matashin injiniya ne mai ladabi, da farar hular kwano. Da Faransanci muka yi magana, ya yi mamakin jin irin na tsofaffin ma'aikatan tasha a bakin mai babbar riga. Na faɗa masa kwatancena. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a hankali, "Baba, bututun babu, bishiyar babu. Ka zo daga nesa. Ka nuna wuri ɗaya inda zuciyarka ta fi kwanta, mu ɗauke maka. Ba wanda zai tambaye ka."

Na ce, "In na nuna da ka, na ɗauki matar wani na bar tawa a ƙarƙashin siminti. Sai in koma gida in ce wa 'ya'yanta me?"

Ya buɗa hannu, ya ce shi dai abin da aka ba shi ke nan.

Washegari na ce wa ɗiyata mu je inda kamfanin yake. Wurin ya zama filin da manyan motoci ke jiran lodi. Na bi ta inda na san ƙofar ma'aikata take, inda mata ke sayar mana da soyayyen kifi da rogo in jiniyar rana ta yi kuka. Na lura duk motar da za ta juya sai ta yi wani zagaye, tana kauce wa wani abu a tsakiyar fili. Muka matsa. Gindin bututun ne, da'irar jan bulo da ta ɗan ɗara gwiwa, an cika cikinta da shara da tsoffin tayoyi. Masu rushewa sun sare shi daga sama, tushen ya gagare su suka bar shi. Na dafa bulon, yana da ɗumin rana. Ban san lokacin da na ce, "Sannu da aiki, dogo," ba. Ɗiyata ta juya baya ta gyara mayafinta, ta daɗe tana gyarawa.

Tushe dai ba ya hanguwa daga maƙabarta, ana bukatar abu mai tsawo a kansa. Na gangara wurin masunta na roƙi doguwar gora, irin wadda suke kafa wa kwalekwale. Da suka ji yarensu a bakina, wani tsoho ya ce, "Kai ne mutumin tudun nan mai rage mana kuɗin kifi da surutu?" Na ce ni ne, kuma har yau kifinsu ya fi bakinsu daɗi. Suka ba ni gora mafi tsawo, suka haɗa ni da masu ɗauka.

Ɗiyata ce ta ce ita za ta riƙe. Na ce akwai maza. Ta ce, "Baba, ka ce ba na shiga maƙabarta, ban yi musu ba. Nan ba maƙabarta ba ce." Ta ciro wani jan mayafi daga jaka ta ɗaura a kan gorar, aka taimaka mata ta hau tsakiyar da'irar, ta rungume gorar da hannu biyu. Mace mai jikoki, tsaye a kan shara a tsakiyar direbobi. Wani ya leƙo daga mota ya tambaye ta ko tuta take sayarwa. Ta ce masa da Hausa ya wuce ya ba ta wuri, kuma ya gane.

Na koma maƙabarta da sandata. Na bi shinge a hankali ina duban teku ta wata rata tsakanin kwantenoni, har jan mayafin ya zo ya zauna daidai kan jan kan hasumiya. Na tsaya. Ƙafafuna suka san wurin kafin kaina. Na ja sanda a yashi, na yi gaba ina ja, mayafin yana kan hasumiya, har na kai ɗaya shingen. Layi ya fito, daga wannan gefe zuwa wancan.

Matsalar ita ce bishiyar kwakwa ce ke faɗa mini inda zan tsaya a kan layin, ita kuwa babu ko kututturenta. Layin ya ratsa kaburbura da yawa. Tana cikinsu, wannan na tabbata. Wanne ne, ban sani ba.

Injiniya ya zo ya duba, ya ce aikin ya yi kyau, yanzu sai in zaɓa.

Na ce, "Na zaɓa. Duk wanda ke kan layin nan nawa ne."

"Baba, doka ta ce dangi ne ke nuna nasu. Duk waɗannan danginka ne?"

"Ɗaya daga cikinsu matata ce. Nuna mini wanda ba ita ba, in bar maka shi."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina. Ya ce ba shi da ikon wannan, sai ya tambayi na sama da shi, kuma injin zuba ƙasa ba zai jira ba. Na ce injin ya zo, zai same ni. Na aika aka kawo mini tabarma da laima da buta, na shimfiɗa a tsakiyar layin na zauna. Na yi aiki da masu manyan ofisoshi tsawon rayuwata, na san abin da suka fi ƙi shi ne tsoho mai jin yarensu wanda ba ya ɗaga murya kuma ba ya tashi.

Abin da ban zata ba shi ne abin da gorar ta jawo. Masunta sun ɗaure ta da igiya a kan tushen don ɗiyata ta huta, jan mayafin ya kwana yana kaɗawa. Da safe sai ga wani tsohon mahauci na zango ya zo yana dogara sanda, ya tsaya yana kallonta. Ya ce shi mahaifinsa yana inda bututu ke haɗuwa da kusurwar ginin Turawa. Ya bi shinge yana leƙe har ya samu, ya ja nasa layin. Bayansa wani ya zo, nasa bututu ne da hasumiyar masallacin zango. Ashe dukanmu da dogon nan muka riƙe matattunmu, kowa a ransa, ba wanda ya taɓa faɗa wa wani. Da aka rushe shi kowa ya yi shiru da kunyarsa, yana ganin shi kaɗai ya yi sakaci. Waɗanda suka ce wa liman sun haƙura, su ne suka dawo da sanduna. Kafin Juma'a yashin ya cika da layuka suna gicciye juna, kuma a kan kowane layi akwai tsoho a tabarma.

Injin ya zo, ya tsaya a bakin shinge. Direban ya sauko ya gaishe mu, ya koma inuwa ya zauna. Ƙanena ya kira ni a waya a ranar.

"Yaya, an ce kana zamne cikin maƙabarta kamar mai gadi."

"Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba."

"Gwiwar fa?"

"Tana gaishe ka."

Sannan ya ce in an kai ga tonowa a sa sabon likkafani ga kowa, a yi a hankali, kada a karya ƙashi, kuma ba sai an sake salla ba. Na ce na ji, Malam. Iyakar abin da ya ce ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba.

Shugabannin injiniyan suka zo da kansu, na yi musu tafinta da bakina, tsakaninsu da tsofaffin zango, aikin da na ɗauka na bari har abada. Ba su ce mun yi daidai ba. Sun duba layukan, sun ga kusan ba abin da ya rage a wajensu, suka ce a ɗauke maƙabartar duka, su za su ba da mota, mu mu ba da hannu. Mazan zango suka fito da shebur da kwando. Masunta ma suka zo, su da ba addininmu ɗaya da yawancinsu ba, suka ce sun fi mu sanin yadda yashi ke zubewa, kuma gaskiyarsu ne.

Na tsaya a kan layina har aka gama shi. Duk wanda aka ɗago, na sa hannu an naɗe shi da ni. Na yi zaton zan ji wani abu in an zo kanta, ko in ga wata alama. Ban ji ba, ban gani ba. Duka iri ɗaya suke, marasa nauyi, kuma kowanne na riƙe shi kamar ita ce.

Sabon wurin yana kan tudu, nesa da ruwa, jar ƙasa ce mai kama da tamu. Na yi tunanin wadda ta ƙi teku ta taɓa ƙafarta ba za ta ƙi wannan ba. Na roƙa aka jera mutanen layina a sahu ɗaya, aka kafa guntun ginshiƙin siminti a kowane ƙarshe. Ɗiyata ta tsaya a wajen shinge na nuna mata sahun da sanda. Ta tambaye ni wanne ne. Na ce ban sani ba, daga nan zuwa can ne. Ta ce ya isa, ta ɗaga hannu ta yi addu'a ga sahun duka. Mayafin ta bar wa masunta a kan gorarsu.

Da muka dawo Katsina, kafin in huta na ce wa ƙanena ya raka ni maƙabartar da iyayenmu suke. Mahaifiyarmu mun riƙe ta da wata aduwa, mahaifinmu da kusurwar tsohuwar katanga. Aduwar tana nan, ta tsufa, rabinta ya bushe. Katangar an rushe an ja sabuwa ta bulo a wani wurin daban. Muka tsaya mu biyu, tsofaffi, kowa na nuna wani gefe da sanda. Ya ce nan ne, na ce can ne. Ba mu daidaita ba, kuma ba wanda ya rage da za mu tambaya.

Na sa aka kawo dutse aka kafa a kan na mahaifiyarmu. Malam ya ce shi dai ba ya son gini a kan kabari. Na ce ban yi gini ba, dutse na ajiye, kuma in nawa ya zo a ajiye mini irinsa, kada a riƙe ni da itace ko katangar kowa. Amma shi ya riƙe dutsen ana cika ƙasa a gindinsa.

Matata tana kan tudu a Gaɓa cikin sahun da na sani, ba a ƙarƙashin kwantena ba. Kabarin mahaifinmu ya ɓace mana a garinmu, cikin ganuwar da muka ɗauka ba abin da ke motsi a cikinta. Tun daga lokacin, a gidanmu ba a ƙara binne kowa an dawo ba a kafa masa dutse ba.